Murfi, faranti ko mazurari: wane tarkon ƙurar katako ya dace da ƙaramin shagonka?

Kafintan da ke aiki a gareji ko a zauren gida yana da matsalar da na bakin titi bai san da ita ba. Na bakin titi iska ce ke yi masa shara. Shi kuwa na gida, duk abin da zarto ya fitar nan yake zama: a kan shanya, a kan murfin randa, a cikin kwanon abincin da aka aiko masa, da kuma a ƙirjin yaron shago. Shi ya sa da yawa daga masu irin wannan wuri a Kano suke sayen injin zuƙar ƙura, sabo ko na gwanjo, su jona tiyonsa a bakin zarto. Da farko abin sai son barka. Ba a jimawa sai zuƙar ta fara mutuwa. Ka buɗe injin ka tarar filta ta yi dam da gari, musamman idan MDF aka yanka, wato katakon nan da ake matsewa daga gari da gam. Lanƙwasarta duk ta cike ta zama bango guda, ka buga ta a jikin katanga ƙurar da ka wahala ka tara ta sake tashi ta dawo maka fuska.

Maganin wannan shi ne a sa wani abu tsakanin zarto da injin, wanda zai kama mafi yawan garin kafin ya isa filta. Tarkon ƙura ke nan. Ba ya cin wuta, ba shi da abin da ke juyi a cikinsa, mazubi ne kawai mai ƙofar shiga da ƙofar fita. Dabarar duk a yadda iska ke tafiya a ciki take. Idan aka shigo da iskar ta gefe aka sa ta kewaya bango da gudu, garin da ya fi ta nauyi sai ya manne da bango, kamar yadda fasinja ke jingina gefe idan ɗan adaidaita ya sha shataletale bai rage gudu ba. A jikin bangon gudunsa ke raguwa ya zame ƙasa, iskar kuma ta fice ta tsakiya. Ba sabuwar dabara ba ce, tun 1885 wani Ba'amurke mai suna John M. Finch ya yi mata rajista, kuma manyan masana'antu har yau da ita suke aiki. Abin da ke gabanmu shi ne wace siffa cikin ukun da aka fi yi za ta amfani mai ƙaramin wuri, wanda ke son abin da zai iya turawa daga wannan inji zuwa wancan, ko ya ɗora a mota zuwa gidan da zai kafa wadirob.

Amma kafin a zo kan siffa, a fara sanin me zai ja iskar, domin a nan mutane suka fi yin asarar kuɗi. Injin zuƙa irin na shara, mai tiyo inci 2 ko ƙasa da haka, yana da ƙarfin ja sosai amma iskar da yake ɗauka kaɗan ce. Bulowa kuwa, wato babban injin zuƙa mai fanka da bututu inci 4, akasin haka take: tana kwasar iska da yawa, amma da ta gamu da matsi ko lanƙwasa sai ta saki. Don garin katako ya riƙa tafiya a bututu ba tare da ya kwanta ba, ana son iskar ta yi gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Idan ka buga lissafi, bututu inci 2 yana buƙatar kimanin kubik mita 140 na iska a awa, wanda injin shara mai lafiya yana iya bayarwa. Bututu inci 4 kuwa yana buƙatar sama da 550, ninki huɗu ke nan. Saboda haka wanda ya sayo fayif inci 4 ya jona a injin shara don wai ƙura ta fi samun hanya, ya kashe gudun iskar ne kawai. Garin zai kwanta a cikin fayif ɗin, kuma duk tarkon da ya ɗora a kai ba zai yi juyin kirki ba. Injin goge katako, zarton hannu mai wuta, rauta mai zaftare gefen katako da ƙaramin zarton tebur, duk waɗannan na injin shara ne. Babban injin share fuskar katako, wanda ke amayar da sassaƙe buhu-buhu, sai bulowa.

Akwai kuma batun wuta, wanda mu a nan ba ma iya tsallake shi. Irin waɗannan injinan zuƙa yawanci wat 1000 zuwa 1400 suke ci. Ka haɗa da zarton da ke aiki lokaci guda, ka doshi kilowat 3. Ƙaramin janaretan nan da ba ya kai kilowat 1 ba zai ɗauki injin zuƙar kaɗai ba, balle su biyu. Wanda layinsu ba ya samun wuta da rana, ya fara duba janaretansa kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya.

Siffa ta farko ita ce mafi sauƙi: duro da murfi mai huji biyu. A huji ɗaya ka sa elbo na masu famfo yana kallon gefen bango, a ɗayan ka sa fayif ɗin da zai tafi inji. Rabin yini ya isa, kuma kayan duk ana samunsu a wajen masu sayar da kayan famfo. Yana kama manyan sassaƙe, guntun katako, ƙusa da sukuru, wanda kuwa ba ƙaramin amfani ba ne ga mai bulowa, domin ƙusa ɗaya idan ta daki fankar tana iya lanƙwasa ta ko ta ba da tartsatsi. Illarsa ita ce babu abin da ya raba iskar da ke juyi da garin da ya riga ya sauka. Muddin duron yana kusa da wofi, lafiya lau. Da ya ɗan taru, iskar sai ta riƙa sharo shi daga sama tana wucewa da shi inji, ka koma gidan jiya. Ni ban ga dalilin da mutum zai tsaya a nan ba, sai fa idan sassaƙe masu tsawo ne kaɗai yake fitarwa, irin masu nannaɗewa, domin su ne ke toshe sauran siffofin biyu, shi kuwa wannan ba shi da wurin toshewa.

Siffa ta biyu wannan murfin ne dai, aka ƙara masa abu guda: faranti a ƙarƙashinsa. Wani Ba'amurke mai sha'awar aikin katako, Phil Thien, shi ya fito da ita, kuma da sunansa aka san ta. Farantin zagayayyen katako ne da ake ratayawa ƙasa da murfi da dogayen noti uku, ya raba duron gida biyu: ɗan ɗaki a sama inda iska ke juyi, da rumbu a ƙasa inda gari ke taruwa. A gefen farantin ana yanke siririyar hanya mai faɗin inci 1 da ɗan ɗoriya, wato kusan santimita 3, ta bi kashi biyu cikin uku na da'irar, digiri 240 ke nan. Ragowar kashi ɗayan a bar shi ya taɓa bango. Garin da ke kewaya bango yana isowa wannan hanya sai ya faɗa ƙasa, kuma da ya faɗa iskar sama ba ta sake samunsa, saboda farantin ya tsare. Wannan ƙaramin bambanci shi ne ke sa duron ya iya kusan cika kafin gari ya fara wucewa inji.

Ga inda ake yin kuskure wajen haɗa ta. Wurin da ba a yanke ba, wato kashi ɗayan da ya taɓa bango, dole ya fara daga ƙarƙashin bakin elbo ya bi inda iskar ta nufa. Idan ka juya farantin har iskar shiga ta riƙa dukan ramin kai tsaye, za ta nutsa cikin rumbu ta tayar da abin da ke ciki. Na biyu, fayif ɗin fita ya zauna a tsakiya cif, ya ɗan leƙo ƙasa da murfi kaɗan, kada ya yi daidai da shi, kada kuma ya kusa taɓa faranti. Na uku, kaurin farantin. Filawud mai kauri yana ba gari wurin maƙalewa a bakin hanyar. Siriri mai santsi ya fi, irin wanda ake sa wa bayan wadirob, ko kuma ka zaftare gefen mai kaurin ta ƙasa da rauta. Sai na huɗu, wanda ba a cika lura da shi ba: yawancin bokitai da durorin roba suna tsukewa ta ƙasa. Ka auna faɗin bokitin a daidai zurfin da farantin zai zauna, ba a bakinsa ba, in ba haka ba ka yanka faranti ya ƙi shiga. Hanya mai sauƙi ita ce ka fara yanka shi a kwali, ka gwada, sannan ka kwafa a katako.

Akwai wani salon wannan siffa da ya fi tsafta, inda ake gina ɗakin juyin daban a ɗora shi a kan duro kamar hula. Zagaye biyu na filawud, sama da ƙasa, a naɗe tsakaninsu da langa-langa ko robar da ke lanƙwasuwa, iskar ta shigo ta gefe a miƙe ba ta elbo ba. Ya fi cin aiki, amma yana da riba biyu: babu elbo a tsakiyar hanya da zai riƙa karya juyin iska, kuma duron gaba ɗayansa ya zama rumbu. Mai bulowa inci 4 wannan salon ya kamata ya yi. Idan ka sami robar gilashi ka yi murfin sama da ita, za ka riƙa ganin garin yana tsere a jikin bango yana ɓacewa cikin ramin, kuma da wani abu ya toshe za ka gani nan take. Yaran gida ma sai sun zo kallo.

Abin da ya sa nake fifita faranti ga kafintan gida shi ne kusan duk kayansa suna cikin tarkacen shagonsa. Guntun filawud da ya rage daga aikin jiya, noti uku, elbo, silikon. Ba ya ƙara wa duro tsayi sai kaɗan, ko ma ba ya ƙarawa sam. Idan ya lalace kai za ka gyara, ba sai ka nemi kowa ba. Rauninsa a garin da ya yi laushi sosai yake: na samfefa da na MDF. Yana kama wani abu daga ciki, amma abin da ke wucewa zuwa filta ya fi na mazurari yawa.

Mazurari shi ne siffa ta uku, kuma shi ne ainihin abin da masana'antu ke amfani da shi: gangar sama a miƙe, ƙasanta ta tsuke kamar mazurarin mai sayar da fetur, an ɗora a kan duro. Yayin da iskar ke gangarowa tana juyi, da'irar na ƙanƙancewa, juyin na ƙara tsanani, don haka har gari mai laushi yana samun turin da zai kai shi bango. Daga ƙasa iskar ta juyo ta hau ta tsakiya ta fice. Wajen aiki babu gardama, ya fi faranti kama gari mai laushi. Tambayar ita ce a ina za ka same shi, kuma nawa zai ci maka na tsayi da ƙarfin zuƙa.

Hanya ta farko saye. Wanda ya fi suna shi ne Dust Deputy na kamfanin Oneida da ke Amurka, akwai kuma kwaikwayonsa na roba daga Sin da ake samu ta shagunan intanet. An zuba su a ma'auni, cikinsu sumul, ka ɗaura a murfin bokiti da noti ka gama. Sai dai kuɗinsu na bin dala, bakinsu ba lallai ya yi daidai da fayif ɗin da ke kasuwarmu ba, sai ka yi ta naɗa robar tiyub don su kama, kuma robar masu arahar ba ta son rana. Wanda zai bar kayansa a tsakar gida cikin zafin Afrilu ya san da wannan.

Hanya ta biyu ka kai wa masu ƙirar langa-langa, waɗanda ke yin bokiti da mazurari da akwatin ƙarfe. Hannunsu ya iya, amma kada ka ce musu kawai "a yi mini mazurari babba", domin za su yi maka gajere mai faɗin baki, wanda zai zuba mai da kyau amma ba zai ware ƙura ba. Ka je da awo a takarda. Akwai ma'aunin da injiniyoyi suka daɗe suna bi, na wani Bature mai suna Stairmand, tun 1951, wanda komai a cikinsa daga faɗin gangar ake lissafa shi. Tsayin duka ninki 4 na faɗin, gangar sama ninki 1 da rabi, ragowar kuma mazurari. Bututun fita rabin faɗin, ya nutsa ciki da rabin faɗin. Ƙofar shiga mai kusurwa huɗu ce, tsayinta rabin faɗin, faɗinta kashi ɗaya cikin biyar. Ga mai injin shara da tiyo inci 2, ganga mai faɗin santimita 15 ta yi daidai: tsayi 60, gangar sama 22 da rabi, mazurari 37 da rabi, ƙofar shiga 7 da rabi a tsaye da 3 a kwance, ramin ƙasa kusan 5 da rabi. Ka roƙi maƙerin ya kwantar da haɗin ta waje, cikin ya zama sumul, kuma inda ya ɗora baki a kan baki ya bi inda iska ke tafiya, kada ya tare ta. Bayan ya gama ka bi duk haɗin da silikon.

Yanzu ka yi wannan lissafin ga mai bulowa inci 4. Don ƙofar shiga ta yi daidai da bututun, gangar sai ta kai kusan santimita 30, tsayi kuma 120. Ka ɗora a kan duro, ka ƙara bututun da zai fita ta sama, ka doshi mita 2. Wannan ba abin turawa ba ne kuma, abin kafewa ne a kusurwa. Sannan mazurari yana cin ƙarfin ja, wanda injin shara yana da rararsa amma ƙaramar bulowa ba ta da ita. To ka ga yadda abin ya rabu da kansa: mazurari abokin injin shara ne, faranti mai hula kuma abokin bulowa.

Wasu suna yin mazurari da robar nan mai ruwan lemo da ake jerawa a titi wajen aikin hanya. Siffarta ta kusa, amma mai laushin cikinta tana lotsewa da an toshe bakin tiyo. Idan za ka yi, ka sayi mai tauri, ka sa mata zoben katako. Na ce ka saya, ban ce ka ɗauko ta kan titi ba.

Akwai maganar da masu talla ba sa son tsayawa a kanta. Idan kamfani ya ce kayansa na kama sama da kashi 99 cikin ɗari, da nauyi yake lissafi. Garin da ya fi illa kuwa kusan ba shi da nauyi. Wanda bai kai maikiron 10 ba, alhali kaurin gashin mutum yana kai wa wajen 70, shi ne ke daɗewa yana yawo a ɗaki, shi ne kuma ke wuce hanci ya shiga ciki. Da safe idan hasken rana ya ratso ta taga za ka gan shi yana iyo. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman ta cikin hanci, kuma katako mai tauri ya fi shiga zargi. A Birtaniya doka ba ta yarda ƙurar katako mai tauri ta wuce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska ba a tsawon aikin awa 8. Loko da obeche, waɗanda muke saye a 'Yan Katako na Na'ibawa, an san su da tayar da asma da ƙaiƙayin fata ga masu aikinsu. MDF kuma ga gari mai laushi, ga gam ɗin da aka matse shi da shi. Mu da hunturu ya riga ya cika wa ƙirji da hazo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba mu da rarar da za mu ƙara wannan a kai.

Don haka duk siffar da ka zaɓa, aikinta shi ne ta tsare filta, filta kuma ta tsare ka. Kada ka cire filta don wai tarko na aiki. Idan ka yi haka ka mayar da injinka mai fesa mafi munin garin a ɗaki. Idan da hali ka sa masa filta irin ta HEPA, mai kama gari mafi laushi, ko jakar takarda a ciki, kuma ranar samfefa takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 ya zama dole, ga maigida da ga yaro. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan gari. Akwai masu cewa a fitar da tiyon iskar waje ta taga a huta. A unguwar da katangarka ita ce katangar maƙwabci, ka san inda garin zai sauka, ka kuma san wanda zai yi sallama da kai bayan la'asar.

Batun duro ya fi yadda ake zato muhimmanci, kuma ya shafi siffofin uku duka. Injin shara idan bakin tiyonsa ya toshe yana iya jan abin da ya kai kilofaskal 20. A kan murfin bokitin fenti mai faɗin santimita 30, wannan daidai yake da a ɗora masa kilo 140. Shi ya sa za ka ji "ɓum", ka waiwaya ka ga bokiti ya shige ciki. Maganinsa ka zura bokiti cikin wani bokitin su zama biyu, ko ka yanka zoben filawud ka cusa a tsakiyarsa ta ciki. Shuɗin duron roba mai lita 60, mai murfi da zoben ƙarfe na ɗaurewa, shi ne na fi gani ya dace: yana da kauri, murfinsa na kamawa, kuma mutum ɗaya na iya ɗaga shi idan ya cika. Duron ƙarfe mai lita 200 ba ya lotsewa da sauƙi, amma idan ya cika da gari nauyin ya tashi daga na mutum ɗaya, kuma ba ya bi ta ƙofar zaure cikin daɗi. Idan na hannu za ka saya, ka tambayi me aka zuba a ciki. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur, sinadarin fenti ko wani abu mai kamawa, kada a kusance shi da injin yanka ko walda, ko da an ce an wanke. Tururin da ya rage a ciki ya isa ya fasa shi.

Sai yoyon iska. Mazurarin da ya fi kowane kyau, idan iska na shiga ta bakin murfin duro, ya tashi daga aiki, domin iskar da ke shigowa ta ƙasa za ta hau ta cikin ramin ta ɗauke garin da ke ƙoƙarin sauka. Faranti ya fi haƙuri da wannan, amma shi ma yana jin jiki. Tsohon tiyub daga wajen mai faci, a yanka shi zobe a manna a ƙarƙashin murfi, ya wadatar. Don gano inda ke yoyo, kunna inji, ka rage bakin tiyo da tafin hannu, ka bi haɗe-haɗen da siririn yankin leda. Inda ledar ta manne, nan ne.

Wajen keken da za a ɗora su, ana yin salo biyu. Ko a jera inji da duro gefe da gefe a kan katako ɗaya, ko a ɗora ɗaya a kan ɗaya. Jerawa ta fi cin wuri amma ba ta faɗuwa. Ɗorawa ta fi dacewa da matsattsen gareji, sai dai da mazurari a sama abin ya yi tsayi, kuma duron da babu komai a ciki ba shi da nauyi, ja ɗaya za ka yi wa tiyo ya kifa. Mai mazurari ya jera, ya kuma kafa sanda a jikin keken ya ɗaure wuyan mazurarin. Mai faranti yana iya ɗorawa hankali kwance. Ƙananan tayoyin nan masu juyawa na kan siminti mai santsi ne. A tsakar gida mai yashi ko a dokin ƙofa tsayawa suke yi. Ka sa manya biyu a baya, ƙafafu biyu a gaba, da mariƙi, ka riƙa kishingiɗa shi kana turawa. Kafin ka yanka katakon ƙasa, auna ƙofar da ta fi kowace matsi a gidanka. Tiyon da ke tsakanin tarko da inji kuma ya zama gajere, marar lanƙwasa da yawa, domin kowace lanƙwasa tana cin nata rabon.

A lokacin hunturu, da iska ta bushe, garin da ke gudu cikin roba yana tara lantarki, ka taɓa tiyo ya ɗan fizge ka. Ba ya kisa, amma yana iya sa hannu ya zabura a kusa da zarto. Siririyar wayar tagulla da aka naɗa a jikin mazurari da tiyo aka sauke ta ta taɓa ƙasa tana rage shi. Na langa-langa ma ya fi sauƙin yi wa haka. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne a yi amfani da injin wajen share inda aka wasa ƙarfe, ko a zuƙi guntun taba mai rai. Tartsatsi ɗaya a cikin busasshen gari yana iya kwana yana ci a ɓoye. A juye duro kafin a rufe shago, kullum.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne abin da ke cikin duron yana da masu so. Masu kiwon kaji na neman sassaƙe don shimfiɗa, masu murhun garin katako na neman garin. Amma a raba. Garin MDF da na katakon da aka shafa wa maganin gara kada ya je wajen kaji, kada ya je murhun abinci. Wanda ke da duro biyu masu murfi iri ɗaya, sai ya riƙa sauya su gwargwadon abin da yake yankawa.

To wa zai ɗauki wanne? Mai yin ƙofofi, gadaje da kujeru da katakon gaske, wanda yawancin abin da yake fitarwa garin zarto ne da sassaƙe, ya yi faranti a kan duro mai lita 60, ba zai yi da-na-sani ba. Mai aikin kabad ɗin kicin da wadirob na MDF, wanda rauta da samfefa ba sa barin hannunsa, kuma yana shiga gidajen mutane ya yi yanka a ɗakin da aka riga aka yi wa fenti ana jiran jeren amarya, wannan ya daure ya nemi mazurari, na saye ko na maƙeri, a kan ƙaramin bokiti mai ninki biyu. Wanda bai tabbatar ba ya fara da faranti, domin duron da keken da tiyon duk za su yi masa aiki ranar da ya sauya murfi ya ɗora mazurari.

Da ka gama haɗawa, gwada shi kafin ka amince da shi. Wanke cikin injin tas, ka kakkaɓe filta. Auna mudu biyar na garin da ka saba fitarwa, ba wanda ka zaɓo mai gwari-gwari ba, ka zuba a ƙasa ka zuƙe a hankali, yadda zarto ke bayarwa, ba ka nutsa tiyo cikin tsibi ba. Sannan ka buɗe injin. Idan abin da ka tarar ɗan fari-fari ne a jikin filta, aiki ya yi. Idan ka ga gari kwance a gindin injin, fara duba bakin murfi, sannan inda farantin ke fuskanta. Ka sake gwajin lokacin da duron ya kai rabi, ka kuma sake shi da garin samfefa zalla, domin a waɗannan biyun ne siffofin ke rabuwa da juna.